Jinkirin fitar da manhaja

Jinkirin fitar da manhaja shi ne halin da kamfani ko wata ƙungiyar masu rubuta manhaja ke shiga idan ranar da suka sanar wa jama'a cewa za su saki manhaja ko wasan bidiyo ta zo, aikin kuma bai kammala ba. Wani lokaci akan ɗage ranar da 'yan makonni, wani lokaci da shekaru, wani lokaci kuma akan fitar da kayan a kan lokaci amma cike da kurakurai, sannan a bi su da gyara daga baya. Abin ya zama ruwan dare a wannan sana'a tun daga shekarun 1960, kuma bai bar manyan kamfanoni irin su IBM, Microsoft da Nintendo ba. Yawancin masu nazarin lamarin ba su ɗora laifin a kan lalaci ko rashin ƙwarewa ba. Tushen matsalar shi ne ana tsayar da ranar fitarwa a lokacin da masu aikin ba su gama sanin abin da za su gina ba, kuma sau da yawa waɗanda ke tsayar da ranar ba su ne za su yi aikin ba.

Tarihi

A ranar 7 ga Afrilun 1964 kamfanin IBM ya sanar da sabon jerin kwamfutocinsa mai suna System/360. Babbar manhajar da za ta tafiyar da su, OS/360, ta makara, ta ci kuɗi fiye da yadda aka tsara, kuma sigoginta na farko sun zo da kurakurai masu yawa. Frederick Brooks, wanda ya jagoranci aikin, ya tattara darussan da ya koya a littafinsa The Mythical Man-Month na shekarar 1975, littafin da har yau ake karantarwa a jami'o'i. Kafin nan, a shekarar 1968, an yi wani taro a garin Garmisch na ƙasar Jamus ƙarƙashin kwamitin kimiyya na ƙungiyar NATO, inda masana suka tattauna abin da aka riƙa kira rikicin manhaja: kwamfutoci suna ƙara ƙarfi, amma manhajojin da ake rubuta musu suna makara, suna tsada, ba su da tabbas.

Zuwan kwamfutocin gida bai canza komai ba. Microsoft ya sanar da Windows a ranar 10 ga Nuwamban 1983, da alƙawarin fitar da ita a watan Afrilun 1984, amma ba ta fito ba sai 20 ga Nuwamban 1985. A waɗannan shekarun ne kalmar Turanci vaporware ta bazu a mujallun kwamfuta, ma'ana manhajar da ake ta jin labarinta amma ba a taɓa riƙe ta a hannu ba, kamar tururi.

Binciken da aka fi ambata a wannan fage shi ne rahoton CHAOS na kamfanin Standish Group, wanda ya duba ayyukan manhaja a Amurka a shekarar 1994. Rahoton ya ce kusan kashi 16 cikin 100 ne kawai aka gama a kan lokaci kuma cikin kasafin da aka ware, kashi 31 an soke su, sauran kashi 53 kuwa an gama su a makare, ko da ƙarin kuɗi, ko bayan an rage abin da aka yi alƙawari. Masana da dama sun soki yadda aka tattara waɗannan alƙaluma, don haka ya fi kyau a ɗauke su a matsayin manuniya, ba ma'auni ba.

Wahalar ƙiyasi

Maginin da ya gina ɗaki mai ƙafa goma sha biyu sau talatin ya san bulo nawa zai ci da kwana nawa zai ɗauka, domin na talatin da ɗaya ba shi da bambanci da na farko. Manhaja ba haka take ba. Kwafe manhajar da aka riga aka rubuta ba ya cin komai, don haka ba wanda zai biya a sake rubuta abin da ke nan. Duk aikin da aka ɗauki mutane a kansa, akwai sabon abu a cikinsa, sabon abu kuwa ba a san inda zai cije ba sai an shiga. Aikin ya fi kama da haƙar rijiya a filin da ba a taɓa haƙa ba: ana iya samun ruwa a gaba biyar, ana iya cin karo da dutse.

Barry Boehm ya nuna wannan da alƙaluma a littafinsa Software Engineering Economics na 1981. A cewarsa, ƙiyasin da aka yi a farkon aiki, lokacin da ra'ayi kawai ake da shi, yana iya kaucewa gaskiya har ninki huɗu, sama ko ƙasa. Aikin da aka ce shekara guda zai iya zama wata uku, zai iya zama shekara huɗu. Tazarar takan ƙuntata ne a hankali, yayin da ake yanke shawara a kan abin da manhajar za ta yi da yadda za a gina ta. Abin lura shi ne akasarin ranakun da ake sanarwa daga wancan faffaɗan ɓangaren suke fitowa.

Da a ce kuskuren ƙiyasi yana faɗawa ɓangarorin biyu daidai wa daida, da rabin manhajoji sun riƙa fitowa kafin lokaci. Ba haka ake gani ba, kuma akwai dalilai biyu. Na farko yana cikin yanayin aikin: abin da aka ware wa kwana biyu ba zai iya gajarta da fiye da kwana biyu ba, amma yana iya tsawaita zuwa wata guda. Ga shi kuma ayyukan a sarƙe suke. Idan sashe biyar ne za su haɗu kafin a ci gaba, wanda ya fi makara shi ke tsayar da ranar kowa, saurin sauran huɗun bai amfana komai ba. Dalili na biyu yana cikin halin ɗan Adam. A shekarar 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana wata karkata ta tunani, inda mutum kan ƙiyasta aikinsa bisa yadda zai tafi idan komai ya yi daidai, ya manta da yadda irin wannan aiki ya kaya masa a baya. A 1994 Roger Buehler, Dale Griffin da Michael Ross suka gwada wannan a kan ɗaliban jami'a a Kanada masu rubuta kundin kammala digiri. Ɗaliban sun ƙiyasta kwana 34 a matsakaici. Da aka ce su faɗi kwanakin da za su ɗauka idan komai ya lalace, sai suka ce kusan 49. A zahiri sun ɗauki kusan kwana 56, wato har mummunan zatonsu bai kai gaskiya ba.

Masu sana'ar sun daɗe suna yi wa kansu ba'a a kan haka. Akwai wata magana ta Tom Cargill na Bell Labs, wadda Jon Bentley ya yaɗa a 1985, da ke nuna cewa kashi 90 na farko na aiki yakan cinye kashi 90 na lokaci, sauran kashi 10 kuma ya sake cinye wani kashi 90. Lissafin bai tashi ba, kuma da gangan ne. Abin da maganar ke nufi shi ne ɓangaren da ido ke gani, kamar maɓallai da hotuna da shafuka, yakan kammala da wuri, har shugabanni su ɗauka an kusa. Abin da ya rage shi ne haɗa sassa, gwaji, da farautar kurakurai. Brooks da kansa ya ba da shawarar a ware kashi ɗaya bisa shida kacal na lokaci ga rubutun umarnin kwamfuta, rabin lokacin kuma ga gwaji. Kaɗan ne ke bin wannan, domin gwaji ne ke zuwa a ƙarshe, shi ake matsewa idan lokaci ya ƙure.

Gyaran kuskure shi ne sashen da ya fi gagarar ƙiyasi. Gyaran kansa yana iya zama sauya layi ɗaya, amma gano layin zai iya cin mako uku, musamman idan matsalar ba ta bayyana sai sau ɗaya cikin gwaji ɗari. Kuma kowane gyara yana iya haifar da sabon kuskure a wani wuri.

Wanda ke tsayar da rana

Ƙiyasi daban, buri daban, alƙawari daban, amma a cikin kamfanoni sukan cakuɗe. Injiniya ya ce wata goma sha takwas idan an yi sa'a, manaja ya rubuta goma sha biyar, sashen talla ya buga ranar a allon talla. Daga nan ranar ta zama alƙawari, ko da yake ba wanda ya taɓa gaskata ta.

Ranakun da kansu ba daga aikin ake samo su ba. Kasuwar wasanni a Amurka da Turai ta fi ci daga Oktoba zuwa Disamba saboda sayayyar Kirsimeti, kamar yadda kasuwar tela ke ci gab da Sallah, kuma kamar telan, kamfani yakan karɓi abin da ya fi ƙarfinsa don kada kakar ta wuce shi. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suna kuma faɗa wa masu zuba jari kuɗin da suke sa ran samu a shekarar kuɗi, wadda ga kamfanoni da yawa, musamman na Japan, take ƙarewa a 31 ga Maris. Wannan ne ya sa wasanni kan yi cunkoso a Fabrairu da Maris. Sai kuma fitowar sabuwar na'urar wasa ko sabon fim. Microsoft ya shirya fitar da Halo Infinite tare da na'urar Xbox Series X a Nuwamban 2020, har an buga hoton jarumin wasan a jikin kwalin na'urar, amma wasan bai fito ba sai 8 ga Disamban 2021.

Akwai kuma amfanin sanarwa da wuri ko da ranar ba ta da tabbas. Tana jawo masu zuba jari da ma'aikata, tana buɗe ƙofar karɓar kuɗin masu saye tun kafin kaya ya fito, tana kuma sa abokan ciniki su dakata da sayen kayan abokin hamayya. Wanda ya faɗi rana ta gaskiya amma mai nisa yana iya rasa kwangila ga wanda ya faɗi ta kusa ya kasa cikawa.

Idan ranar ba ta ɗaguwa, matsalar ba ta tafiya, sai dai ta sauya kama. Shafin HealthCare.gov na inshorar lafiya a Amurka ya buɗe ranar 1 ga Oktoban 2013 kamar yadda aka tsara, amma a ranar farko mutum shida ne kawai suka iya kammala rajista, kuma an shafe kusan wata biyu ana gyara. A gefe guda, filin jirgin saman Denver ya kamata ya buɗe a Oktoban 1993, sai ya jira har 28 ga Fabrairun 1995, galibi saboda tsarin kwamfuta na rarraba jakunkunan matafiya ya ƙi aiki.

Sauya tsari a tsakiyar aiki

Da wuya a gama manhaja a kan tsarin da aka fara ta. Abokin ciniki yakan gane abin da yake so ne bayan ya ga abin da ba ya so, kuma kowane ƙari yakan zo da sunan ɗan ƙaramin abu. Mafi tsada shi ne sauya harsashi. Netscape ya yanke shawarar watsar da tsohuwar manhajarsa ta shiga intanet ya sake gini daga tushe; siga ta 5 ba ta taɓa fitowa ba, ta 6 kuma sai Nuwamban 2000, lokacin da Internet Explorer ta riga ta mamaye kasuwa. Microsoft ma ya taɓa faɗawa irin wannan rami da aikin Longhorn, magajin Windows XP: a 2004 aka ajiye yawancin abin da aka gina aka koma farko, aka jefar da wasu manyan abubuwan da aka yi alƙawari kamar tsarin adana bayanai na WinFS, kuma Windows Vista ba ta isa hannun jama'a ba sai 30 ga Janairun 2007, bayan kakar Kirsimeti ta wuce.

A fagen wasanni ba a yi misali kamar Duke Nukem Forever ba. Kamfanin 3D Realms ya sanar da shi a Afrilun 1997. A 1998 suka bar injin Quake II, wato manhajar tushe da ke zana hotuna da tafiyar da motsi, suka koma injin Unreal, abin da ya sa aka sake yawancin aikin. Kuɗin da wasansu na baya ya kawo ya ba su damar aiki ba tare da kowa ya matsa musu ba, kuma duk lokacin da wani sabon wasa ya burge duniya sai su koma su ƙara abu. A 2009 kuɗi ya ƙare aka sallami ma'aikatan. Gearbox Software ne ya ƙarasa shi ya fito a Yunin 2011, shekara goma sha huɗu bayan sanarwa, kuma masu sharhi suka ce ya tsufa tun kafin ya fito. Labarin yana nuna cewa rashin wa'adi ma cuta ce.

Ƙarin ma'aikata

Abu na farko da shugaba kan yi tunani idan aiki ya makara shi ne ƙara hannu. A gona wannan dabara ce mai kyau: gayya takan gama a yini abin da mutum ɗaya zai yi mako yana nomewa, domin kowa kunyarsa yake bi. Brooks ya nuna cewa a aikin manhaja da ya riga ya makara, ƙarin mutane ƙara makara yake jawowa, kuma wannan ita ce ake kira dokar Brooks. Sabon ma'aikaci yana buƙatar watanni kafin ya fahimci ginin, kuma waɗanda za su koya masa su ne ƙwararrun da ake jira su gama aikin. Hanyoyin tuntuɓa kuma suna ƙaruwa fiye da adadin mutane: tsakanin mutum 5 akwai hanyoyi 10, tsakanin mutum 50 akwai 1,225. Wasu ayyukan kuma ba sa rabuwa, dole a gama wannan kafin a fara wancan.

Abin da ya keɓanta da wasannin bidiyo

Manhajar banki tana da ma'auni: ko lissafi ya fito daidai ko bai fito ba. Wasa kuwa dole ya yi daɗi, daɗi kuma ba a gane shi a takarda, sai an gina an buga. Ana iya shafe wata shida a kan wani tsarin faɗa ko tuƙi, ya yi aiki ba kuskure, amma ya zama abin gundura, a zubar da shi. Kamfanin Valve ya shirya fitar da Half-Life a ƙarshen 1997, sai ma'aikatan suka zauna suka buga abin da suka gina suka ga ba shi da armashi. Suka ɗage da shekara guda suka sake yawancinsa, ya fito a Nuwamban 1998 ya zama ɗaya daga cikin wasannin da suka fi tasiri a tarihi. Na biyunsa ma an sa masa 30 ga Satumban 2003, aka ɗage mako guda kafin ranar, wani ya kutsa kwamfutocin kamfanin ya saci rubutun wasan, kuma bai fito ba sai 16 ga Nuwamban 2004. Nintendo ya yi niyyar fitar da The Legend of Zelda: Breath of the Wild a 2015, amma sai Maris na 2017, kuma furodusansa Eiji Aonuma ya danganta wani ɓangare na jinkirin da wahalar tsarin da ke sarrafa yadda abubuwa ke faɗuwa, ƙonewa da karo da juna a cikin wasan.

Babban wasa na yau aikin ɗaruruwan mutane ne masu sana'o'i daban: masu rubuta umarni, masu zane, marubutan labari, mawaƙa, 'yan wasan da ke ba da murya da motsi, da masu fassara zuwa harsuna goma ko fiye. Sauyi ɗaya a labari yana iya tilasta sake ɗaukar murya a dukan harsunan. Sannan mai wasa ba ya bin hanya ɗaya kamar mai kallon fim. Yana iya hawa inda ba a zata ba, ya kashe wanda labari ke buƙata, ya yi abubuwa a juye. Ba rukunin masu gwaji da zai iya bin duk waɗannan hanyoyi. Bayan haka, Sony, Microsoft da Nintendo kowanne yana da nasa binciken da wasa zai tsallake kafin a yarda ya hau na'urarsa, kuma dole a miƙa siga ta ƙarshe makonni kafin ranar fitarwa don a buga faifai a rarraba shaguna.

Sai abubuwan da ba hannun kowa. Annobar korona ta mayar da ma'aikata gida a 2020, ta kuma sa Sony ya ɗage The Last of Us Part II daga ƙarshen Mayu zuwa 19 ga Yuni. Kamfanin GSC Game World na birnin Kyiv yana tsakiyar aikin S.T.A.L.K.E.R. 2 Rasha ta mamaye Yukren a Fabrairun 2022. Wasu ma'aikatan suka koma Prague, wasu suka shiga soja, wasan ya fito a Nuwamban 2024.

Cyberpunk 2077

Wannan wasa na kamfanin CD Projekt Red da ke Warsaw a ƙasar Poland ya tattara kusan duk dalilan da aka ambata. An sanar da shi a 2012, amma aikin bai kankama sosai ba sai 2016, bayan kamfanin ya gama da The Witcher 3. A bikin baje kolin E3 na Yunin 2019, jarumin fim Keanu Reeves ya hau dandamali ya sanar da ranar fitarwa: 16 ga Afrilun 2020. Ɗan jarida Jason Schreier na Bloomberg ya ruwaito daga baya cewa wasu ma'aikatan sun ɗauka wasa ake yi, domin a lissafinsu sai 2022 aikin zai kammala.

A Janairun 2020 aka ɗage zuwa 17 ga Satumba, a Yuni aka ɗage zuwa 19 ga Nuwamba. A ƙarshen Satumba kamfanin ya wajabta aikin kwana shida a mako, duk da cewa shugabanninsa sun taɓa cewa ba za su tilasta wa kowa ƙarin aiki ba. A farkon Oktoba aka sanar cewa an miƙa sigar da za a buga a faifai, matakin da a al'ada yake nufin an gama. Makonni uku bayan haka aka sake ɗagewa zuwa 10 ga Disamba, kamfanin yana cewa yana gwada sigogi tara na wasan a lokaci guda, ma'aikata kuma suna aiki daga gida. Wasu ma'aikatan sun sami saƙonnin barazanar kisa daga masu jiran wasan.

Mutum miliyan 8 ne suka biya kuɗi kafin fitowarsa. A kwamfuta mai ƙarfi wasan ya yi aiki daidai gwargwado, kuma ita ce sigar da aka ba masu sharhi kafin ranar. A kan PlayStation 4 da Xbox One, na'urorin da suka fito tun 2013, wasan yana sarƙewa, hotuna suna makara wajen bayyana, yana kuma mutuwa a tsakiyar wasa. Mako guda bayan fitowa Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet ya mayar wa masu so kuɗinsu, matakin da ba a saba ganin an ɗauka a kan wasa mai girma haka ba. Bai koma shagon ba sai Yunin 2021. Darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi warwas, masu zuba jari suka kai ƙara a Amurka, aka sasanta a kan dala miliyan 1.85. Sai a Satumban 2023, da siga ta 2.0 da ƙarin labari mai suna Phantom Liberty, wasan ya sami yabon da aka yi masa fata tun farko. Ɗagewa uku da aka yi duka ba su kai wata takwas ba, alhali giɓin da ke akwai na shekaru ne. Kowace sabuwar rana an zaɓe ta ne bisa abin da kasuwa za ta iya haɗiyewa.

Wanda ke biyan kuɗin jinkiri

Idan aiki ya fi lokaci, zaɓin huɗu ne: a ɗage rana, a rage abin da aka yi alƙawari, a rage inganci, ko a matse ma'aikata. Ɗagewa tana da tsada a fili, domin albashin ɗaruruwan mutane yana ci gaba, kuɗin tallan da aka riga aka biya ya tafi. Lokacin da Nintendo ya ɗage Animal Crossing: New Horizons daga 2019 zuwa 20 ga Maris na 2020, yana mai cewa ba ya son ya gallaza wa ma'aikatansa, darajar hannun jarinsa ta sauka nan take, ko da yake wasan ya sayu fiye da kwafi miliyan 40 daga baya.

Gaggawa ma tana da nata tarihin. A 1982 Atari ya ba Howard Scott Warshaw kusan mako biyar ya rubuta wasan fim ɗin E.T. don ya riski Kirsimeti. Ya cika wa'adin, amma wasan bai karɓu ba, kuma a 1983 kamfanin ya binne tarin kayan da ba su sayu ba, har da kwafin wannan wasa, a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico, inda aka tono su a 2014. A wancan zamani abin da aka buga ya bugu. Yanzu intanet ta ba da damar yin faci bayan fitarwa, har ya zama al'ada mai saye ya sauke babban gyara a ranar farko. Wannan ya sauƙaƙa cika rana, ya kuma mayar da mai saye ɗan gwaji wanda shi ne ma ya biya.

Matse ma'aikata shi ne zaɓin da ba a gani daga waje. A Nuwamban 2004 Erin Hoffman, wadda abokin zamanta ke aiki a Electronic Arts, ta wallafa wata wasiƙa a intanet da sunan ɓoye tana bayyana makonnin aiki na sa'o'i fiye da 80 ba tare da kuɗin ƙarin lokaci ba. Kamfanin ya biya dala miliyan 15.6 a 2005 da miliyan 14.9 a 2006 don sasanta ƙararrakin ma'aikata. Ɗage rana ba lallai ta kawo hutu ba. Sau da yawa tsawaita matsin take yi, domin an riga an shiga gudun ƙarshe sai aka matsar da layin.

Hanyoyin da ake bi don rage matsalar

A 2001 masana goma sha bakwai suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah suka fitar da sanarwar da ta kafa salon aiki na Agile, inda ake yanka aiki zuwa zangon mako ɗaya zuwa huɗu, kowane zango ya ƙare da abin da ke aiki. Salon bai sa ƙiyasi ya zama gaskiya ba, amma yana tona makara da wuri, tun ana iya yin wani abu a kai.

Wasu kamfanonin wasa sun koma ɓoye aiki sai ya kusa nuna. Bethesda ya sanar da Fallout 4 a Yunin 2015 ya fitar a Nuwamban shekarar, Apex Legends kuwa an sanar da shi an kuma sake shi rana ɗaya, 4 ga Fabrairun 2019. Wasu kuma suna sayar da wasan tun yana ɗanye, da sanin mai saye. Haka Minecraft ya yi daga 2009 zuwa 2011, haka ma Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian, wanda ya shafe kusan shekara uku a hannun jama'a kafin cikakkiyar sigarsa ta Agustan 2023.

A duniyar manhajojin da kowa ke iya gani da gyara rubutunsu, hanyoyi biyu ne suka shahara. Debian ba ya ɗaure kansa da rana tun da wuri. Yana tsayar da shigar sababbin abubuwa, ya jira kurakurai masu tsanani su ragu, sannan ya fitar. Ubuntu ya ɗauki akasin haka: rana ce ke tsaye, abin da ke ciki ne ke motsi. Tun daga Oktoban 2004 yake fitar da sabuwar siga duk wata shida, a Afrilu da Oktoba, duk abin da bai shirya ba kuma ya jira ta gaba, kamar motar da ke tashi a kan lokaci ko ta cika ko ba ta cika ba. Google Chrome ya bi irin wannan tsari, duk mako shida daga 2010, sannan duk mako huɗu daga 2021. Tsarin ya dace da manhajar da ake ƙara wa abu kaɗan-kaɗan, bai dace da wasa mai labari ba, wanda ba a iya fitar da shi babu ƙarshensa. Ko Ubuntu ma ya taɓa saɓawa: lambar kowace siga shekara ce da wata, kuma siga ta 6.06 tana ɗauke da shaidar jinkirinta a sunanta, domin a Afrilun 2006 aka shirya fitar da ita, aka ƙara mata mako shida ta fito ranar 1 ga Yuni.